Zagaye da Ɗan Aike Marar Suna: Ina Ruwan Ɗalibin Hausa?

Duk wanda ya taɓa leƙa ajin koyon rubuta manhajar kwamfuta a garin nan na Bauchi, ko a manyan makarantu ko a ƙananan cibiyoyin da ke koyarwa da yamma, ya san cewa makon farko da na biyu kowa murna yake yi. An nuna maka yadda za ka sa na'ura ta rubuto sunanka, ta tara biyu da uku, har ta gaishe ka. To amma da zarar malam ya iso kan abubuwa guda biyu, wato wanda Turawa ke kira loop da kuma wanda suke kira lamda, sai ka ga fuskoki sun sauya, kujerun baya sun fara zama wayam. In ka tambayi wanda ya gudu, amsar ɗaya ce: "Ni fa ba ni da kan lissafi."

A nawa ra'ayin, wannan uzuri ba daidai ba ne. Abin da ke kayar da mai koyo a wannan gaɓa ba lissafi ba ne, harshe ne. Idan kuwa harshe ne, to magana ta zo gidanmu, mu ɗaliban Hausa, ko mun so ko mun ƙi.

Bauchi ba baƙuwar ilimin fasaha ba ce. Tun shekarar 1980 aka kafa jami'ar fasaha ta tarayya a garin, wadda ta koma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1988, ga ta nan a Yalwa da Gubi. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Gwallameji, ga ta Abubakar Tatari Ali a Wuntin Dada. A 2023 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da matasa miliyan 3 a fannonin fasahar zamani. Ban da waɗannan, akwai samari da 'yan mata da dama da ke koyo da kansu ta wayar hannu. Kusan dukkan wannan karatu da Turanci ake yin sa. Saboda haka yaron da ya tashi a Jahun ko Nassarawa yana tunani da Hausa, aiki biyu yake yi a lokaci guda: yana kokawa da sabon tunani, yana kuma kokawa da harshen da aka naɗo tunanin a ciki. Ƙarshenta sai ya koma hadda. Hadda kuwa tana iya kai mutum mako biyu, amma ba ta ƙetare waɗannan abubuwa biyu, domin su sai an fahimce su.

Bari mu fara da na farko. Abin da ake nufi da shi, shi ne a umarci na'ura ta maimaita aiki ɗaya sau da yawa ba tare da an sake rubuta umarnin ba. Na ga wasu fassarori suna kiran sa "maɗauki", saboda kalmar ta Turanci tana kuma nufin lanƙwasar igiya. Wannan fassarar ƙamus ce, ba ta koya wa kowa komai. Ni na fi son a ce "zagaye", domin abin da ke faruwa ke nan: na'ura ta yi aikin, ta koma baya, ta sake yi. Alal misali, a harshen Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, idan kana da jerin sunayen ƙofofin Bauchi, kamar Wunti da Ran da Nassarawa da Wambai, kana son na'ura ta rubuto su ɗaya bayan ɗaya, ga abin da za ka rubuta:

for ƙofa in ƙofofi:
    print(ƙofa)

Da Hausa: ga kowace ƙofa a cikin ƙofofi, rubuto ta. Shi ke nan. Ina lissafin yake a nan? Lura kuma da cewa ƙofa da ƙofofi da ƙugiyarsu na rubuta su, na'ura kuma ba za ta yi gardama ba, domin tun fitowar Python 3 a 2008 aka amince a sa wa abubuwa suna da haruffan da ba na Turanci ba. Masu koyo da yawa ba su san da wannan ba, shi ya sa ake ta fama da x da y da i, waɗanda ba su tuna wa mutum komai.

Zagaye iri biyu ne. Akwai wanda ka san adadinsa tun farko, kamar na ƙofofin nan. Akwai kuma wanda ba ka sani ba, sai dai ka gindaya sharaɗi. Wannan na biyun kowace mace da ta taɓa daka ta san shi. A daka, a tankaɗe, in akwai sauran tsaki a rariya a mayar da shi turmi, a sake dakawa, a sake tankaɗewa. Sau nawa? Ba wanda ya sani, muddin dai akwai tsaki ana nan ana yi. Kalmar Turanci da ake amfani da ita a nan ita ce while, Hausarta kuwa "muddin" ko "matuƙar". Haɗarin da ke cikinsa ma a bakin turmin yake: idan abin da ake mayarwa ba ya raguwa, misali tsakuwa ce ta shiga, to za a kwana ana daka. Wannan shi ne zagaye marar ƙarshe, wanda ke sa na'ura ta daskare, mai koyo ya zaci ya lalata ta.

Hasali ma, harshenmu ya gina maimaitawa a cikin ƙirar kalmominsa. Duk ɗalibin aji biyu ya san bambancin "ya kama awaki" da "ya kakkama awaki". Na biyun yana nuna an bi su ɗaya-ɗaya, an yi aikin a kan kowace. Haka "kira" da "kikkira", "raba" da "rarraba". Wannan ninki, wanda Paul Newman ya yi dogon bayani a kansa a littafin nahawunsa na shekarar 2000, zagaye ne a dunƙule cikin gaɓa ɗaya. Ga kuma "bibbiyu" da "uku-uku", ga "yi ta" a cikin "ya yi ta bugu". Mutumin da ke da waɗannan kayan aiki a bakinsa tun yana ɗan shekara 4, ba daidai ba ne a ce masa maimaitawa baƙon tunani ne.

Wani abin da ke rikita masu koyo shi ne na'ura daga sifili take fara ƙirga. In ka rubuta range(7), za ta ba ka 0 zuwa 6, ba 1 zuwa 7 ba. Malam zai ce "haka abin yake, ku riƙe". To amma ai mu ma muna da irin wannan ƙirga. Jaririn da aka haifa ranar Talata, Talata mai zuwa ake raɗa masa suna, mu ce ya kwana bakwai. Da a ce Talatar haihuwa ita ce rana ta 1, da ranar suna ta zama ta 8. Mu kwana muke ƙirgawa, ranar haihuwa kuwa ba a kwana ba tukuna, wato sifili ce. Kwanakin jira su ne 0 zuwa 6, ranar suna ba ta cikinsu. Ban ga dalilin da zai sa a bar wannan misali a tsakar gida, a tafi aro daga littafin da aka rubuta don yaran Amurka ba.

Yanzu sai na biyun, wanda ya fi ba da tsoro saboda sunansa. Kafin a gane shi, sai an gane abin da ake kira function. Wasu na fassara shi da "aiki", amma kalmar ta yi faɗi da yawa, "aikatau" kuwa mun riga mun ba ta wani matsayi a nahawu. Ni "ɗan aike" nake ce masa, domin halinsu ɗaya: ka ba shi abu, ya je ya yi abin da aka umarce shi, ya dawo maka da sakamako. Ɗan aiken gida yana da suna, saboda kullum za a neme shi. Amma in ka sayi buhun masara a kasuwar Muda Lawal, ka ɗaga murya ka ce "kai mai baro!", ya kai maka bakin titi ka sallame shi, shin ka tambayi sunansa? Ba ka bukata, domin aikin na sau ɗaya ne, a nan take. Ɗan aike marar suna ke nan. A Python ga kamanninsa:

lambda kalma: len(kalma)

Ma'ana: wanda in an ba shi kalma, zai dawo da yawan haruffanta. Ka lura da yadda fassarar ta fara da "wanda". Haka muke yi kullum: "wanda ya zo jiya", "mai jar hula", "mai sayar da goro". Mun ambaci mutum ta hanyar aikinsa ko siffarsa, ba mu kira sunansa ba. A al'adar da uwa ke kunyar faɗin sunan ɗan farinta, mata kuma ke sakaya sunan miji, ambato ba tare da suna ba ai abin gida ne.

Wannan kamanni da nahawu ba dace ba ne kawai, tarihi ne. Lamda harafi ne na Girkanci. Alonzo Church, masanin mantiƙi a Jami'ar Princeton ta Amurka, shi ya yi amfani da shi a shekarun 1930 wajen tsara hanyar bayyana irin waɗannan 'yan aike, tun ba a ƙera kwamfutar zamani ba. Alan Turing ɗalibinsa ne. John McCarthy ya ɗauki tunanin ya sa a harshen Lisp a 1958, Python ya same shi a 1994, Java kuwa sai 2014. Amma tunanin bai tsaya wurin masu na'ura ba. Richard Montague, wanda ya rasu a 1971, ya yi amfani da lamda ɗin nan wajen nazarin ma'anar jimlolin harshen ɗan Adam, Barbara Partee kuma ta yaɗa hanyar a tsakanin masana harshe. Har gobe, wanda ya zurfafa a ilimin ma'ana sai ya ci karo da wannan harafi. A wannan nazari, ma'anar "sayar da goro" ita ce ɗan aiken da in ka ba shi mutum, zai gaya maka ko mutumin na sayar da goro ko a'a. Haka nan aikin Noam Chomsky na 1956 kan ire-iren nahawu, da shi ake koyar da yadda na'ura ke feɗe harsunan manhaja. Bishiyar li'irabin da muke zanawa a darasin ginin jimla, irinta na'ura ke ginawa kafin ta aiwatar da umarni. Ashe kayanmu ne muke gudu.

Wani zai ce, to an ji, amma me zai ƙara wa mai digirin Hausa? Ga amsa a aikace. Ɗauki kalmomi bakwai: baki, ɓarawo, daji, ɗaki, kare, ƙasa, zuma. Ka ce wa Python ta jera su bisa tsarin abacada, ba tare da ka ƙara mata wani bayani ba. Ga abin da za ta ba ka: baki, daji, kare, zuma, ƙasa, ɓarawo, ɗaki. Duk baƙaƙe masu ƙugiya an koro su bayan z, kuma ƙ ta riga ɓ. Dalili shi ne na'ura ba harafi take gani ba, lambarsa take gani a tsarin Unicode. Lambar z 122 ce, ta ƙ 409, ta ɓ 595, ta ɗ 599. Duk ɗalibin da ke tattara kalmomin sana'ar ƙira ko sunayen itatuwa don kundin digirinsa, duk mai son mayar da ƙamus irin na Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 cikin waya, sai ya yi karo da wannan.

Maganin kuwa ɗan aike marar suna ne. Ka rubuta abacadan Hausa a jere yadda muka san shi, ɓ na bin b, ɗ na bin d, ƙ na bin k, ka sa wa jerin suna haruffa. Sannan ka haɗa mai jerawa da wannan ɗan aike:

lambda kalma: haruffa.index(kalma[0])

Wato wanda in an ba shi kalma, zai duba harafinta na farko (ga sifilin nan ya dawo), ya faɗi matsayinsa a abacadan Hausa. Nan take ɓarawo ya koma bayan baki. In kana son a duba dukkan haruffan kalmar, ba na farko kaɗai ba, sai ka sa zagaye a cikin ɗan aiken. Layi ɗaya ke nan ya haɗa abubuwan nan biyu da ake gudu. Sai dai daga nan tambayoyin da ke tasowa ba na injiniya ba ne. Shin sh da ts za a ba su babinsu ne, ko a cusa su ƙarƙashin s da t? Ina za a sa 'y, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa da ƙugiya? Yaya za a yi da alhamza a tsakiyar kalma kamar sana'a? Yaya za a jera kalmomin da rubutunsu ɗaya amma karin sauti ko tsawon wasali ya bambanta su? Wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta zalla ba shi da amsa. Idan mu ba mu iya faɗa wa na'ura da harshen da take ji ba, wani zai yanke mana hukunci, mu wayi gari muna gunaguni a bayan fage.

Akwai wani tarko da ke kama kusan duk mai koyo idan ya haɗa abubuwan biyu, ya kamata in ambace shi. A ce a cikin zagaye mai ƙirga 0, 1, 2 ka ƙirƙiri 'yan aike uku, kowanne aikinsa ya faɗi lambar zagayen. Bayan an gama ka kira su, kana sa ran jin 0, 1, 2. Sai dukkansu su ce 2. Abin da ya faru shi ne ba lamba ka damƙa musu ba, allo ka nuna musu ka ce su karanto abin da ke kai. Kafin a kira su an goge allon sau biyu, na ƙarshe ne ya rage. Ɗalibin harshe ya fi kowa saurin gane wannan, domin ya san kalmomi irin su yau da gobe, nan da can, ni da kai, waɗanda ma'anarsu ta rataya ga lokaci da wurin da aka furta su. Mai shagon da ya manna takarda cewa ba bashi yau sai gobe, ya san goben ba ta zuwa, saboda ranar karantawa ake fassara ta, ba ranar rubutawa ba. Gyaran shi ne a damƙa wa kowane ɗan aike lambarsa a hannu tun lokacin ƙirƙirarsa. Masu harshen JavaScript sun sha wahalar wannan tarko shekara da shekaru, har sai da aka shigo da kalmar let a 2015.

To, shin ina kira ne a fassara harsunan manhaja kacokan zuwa Hausa? A'a. An gwada irin wannan a wasu harsuna. Akwai Qalb na Larabci da Ramsey Nasser ya ƙirƙira, akwai Yorlang na Yarbanci. Ƙoƙari ne abin yabo, ya kuma nuna cewa Turanci ba sharaɗi ba ne ga na'ura. Amma yaron Bauchi da ke neman abin kansa, da Python da JavaScript kasuwa za ta tambaye shi. Kuma keɓaɓɓun kalmomin Python 35 ne kacal. Wanda ya haddace sunayen 'yan wasan Arsenal da na Barcelona har da 'yan benci, kalma 35 ba za ta gagare shi ba. Matsalar ba a kalmomin take ba, a bayanin take. A bar for da while da lambda yadda suke, a yi bayaninsu da Hausa, a sa wa abubuwa sunayen Hausa, a kawo misali daga turmi da kasuwa.

Wasu kuma na cewa yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira na rubuta wa mutum duk abin da yake so, me ya sa zai wahala? Gaskiya ne suna rubutawa, sau da yawa ma daidai. Amma ranar da suka ba ka layin da ya jefa ƙ bayan z, ko wanda ya ɗauki ɗ ya mayar d, ba za su buga maka ƙararrawa ba. Wanda bai iya karanta layi uku ba, ba zai san an yi masa sakiyar da ba ruwa ba sai ranar kare kundi.

Ga masu koyarwa kuwa, ina da ƙorafi guda: ana gaggawar kawo lamda. Kamata ya yi mai koyo ya jima a kan zagaye, ya riƙa bin sa da biro da takarda, yana rubuta abin da ke cikin kowane suna a kowane zagaye, har abin ya zauna. Rashin wutar lantarki ba ya hana wannan. Sannan a shiga 'yan aike masu suna, marar suna ya zo a ƙarshe, a kuma kawo shi a wurin da yake da amfani na zahiri kamar jeren kalmomin nan. Shi kansa van Rossum a 2005 ya nuna sha'awar cire lamda daga Python, daga baya ya haƙura ya bar shi. Abin da mai harshen ya yi ta jinjinawa, bai kamata a jibga wa ɗan mako uku ba.

Saura namu. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, albarkacinsa ne yau muke nazarin Hausa da Hausa, muna cewa wasali da baƙi da bayanau ba tare da jin wani baƙunci ba. Mutane ne suka zauna suka yi gardama kafin kalmomin su zauna. Irin wannan zama ake bukata yanzu, amma wanda bai taɓa rubuta zagaye ba, ba zai iya raɗa masa suna ba, "maɗauki" zai haifar. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin Buroka, waɗanda aka tantance don koya wa na'ura gane yabo da suka. Aiki irin wannan na bukatar masu jin habaici da zambo da gatse, waɗanda kuma ba sa tsoron layi goma na Python. Mu ne ya kamata a samu a wurin.

Shawarata ga ƙungiyar ɗaliban Hausa ita ce ta nemi takwarorinta na sashen kwamfuta, a riƙa zama na awa biyu duk Asabar na zango ɗaya. Su koya mana rubutawa, mu kuma mu tilasta musu yin bayani da Hausa, a riƙa rubuta duk kalmar da aka yi ittifaƙi a kanta. Aikin farko kada ya wuce wannan: a ɗauki labari ɗaya daga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, a bi shi da zagaye a ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito, sannan a jera kalmomin bisa abacadan Hausa, ɓ a bayan b. "Zagaye" da "ɗan aike" da na kawo, in wani yana da waɗanda suka fi su, ya kawo su wurin zaman a gwada su a kan 'yan aji ɗaya.